Kak dila? Yadda ake gaisuwa da zancen harkoki da Rashanci, mataki-mataki

Duk shekara da an shiga Satumba sai wayata ta fara cika da saƙonnin ƙanne da 'ya'yan 'yan uwa da suka samu gurbin karatu a Rasha, kuma tambayar kusan iri ɗaya ce, Yaya wace rigar sanyi zan saya, Yaya ana samun naman halal, Yaya nawa zan riƙe a hannu. Ba wanda ke tambayar yadda zai gaida mutane. Alhali rigar sanyi a can zaka saya kuma ta can ɗin ta fi, amma gaisuwa tun a filin jirgi zaka fara buƙatarta. Mutanenmu sun daɗe suna zuwa ƙasar nan karatu, tun zamanin Tarayyar Sobiyet da aka buɗe jami'ar nan ta Mosko a 1960 wadda daga baya aka sa mata sunan Patrice Lumumba, to amma har yau sabon zuwa a gaisuwa yake fara tuntuɓe.

Abin da ke ruɗa Bahaushe shi ne babbar gaisuwarsu, как дела, wato kak dila, fassararta kai tsaye "ya harkoki". Kana ji sai ka ce ashe gida na zo, ai mu ma haka muke cewa. Tarkon kenan. Lafazin iri ɗaya ne amma wanda ake yi wa ita da lokacin da ake yi da amsar da ake jira duk daban ne. Kalmar da ke ciki kuwa, дело, wato dyela, ita ce harka, ita ce al'amari, aiki, sana'a, magana, shari'ar kotu, har fayil ɗin ofis, idan ka riƙe ta da kyau rabin hirar yau da kullum ta zo hannunka.

Mataki na farko: gyara baki kafin komai

Zan rubuta kalmomin yadda kunne ke jin su. C ɗin da zaka gani tamu ce ta "ciki", j kuma irin ta Faransanci ce da 'yan Nijar suka saba da ita, h ɗin ta maƙogwaro ce kusan خ ta Larabci. Inda na sa manyan baƙaƙe nan ake danna murya.

Dannawar nan kar ka raina ta. Kamar yadda wuya na jiki da wuya ta wahala rubutu ɗaya ne sai murya ta raba su, haka дело da дела suke a baki. Tilo DYEla ake cewa, don o ɗin da ba a danna ba komawa a take yi. Jam'i kuma diLA. Wato idan ka ce "kak DYEla" ka ce wani abu da ba gaisuwa ba, za su gane ka dai don sun saba da baƙi, amma daidai shi ne kak diLA. Wannan doka ta o mai komawa a ita ta sa хорошо ake karanta ta haraSHO, спасибо kuma spaSIba.

Sai matsalarmu ta gado, p da v. Bahaushe zai ce "firibet" maimakon priVYET, ya ce "faka" maimakon paKA kamar mai neman wurin ajiye mota. V ɗin haƙoran sama ake ɗorawa a leɓen ƙasa, p kuma leɓɓa biyu ake haɗewa a sake. Tsaya gaban madubi minti biyar kullum na sati ɗaya ya wuce. Harufansu 33 ne kuma wasu na yaudara, Р ita ce r, Н ita ce n, В ita ce v, С ita ce s, У ita ce u, shi ya sa РЕСТОРАН da zaka gani a bango "ristaran" ne, gidan abinci. Kwana uku sun isa ka haddace su, kayi hakan tun a gida.

Mataki na biyu: gaisuwar buɗe baki

Wadda bata taɓa ba ka kunya ita ce здравствуйте. A rubuce tana da ban tsoro amma v ɗin farko ba a faɗinta, ZDRAS-tvui-tye. Kar ka cusa wasula ka ce "zidirasti", fara da z ɗin kamar ƙarar sauro ka faɗa kan "dras". Asalinta daga kalmar lafiya ne, wato kamar ka ce wa mutum "ku kasance cikin lafiya", kaga ai ba mu yi nisa da juna ba. Ita zaka yi wa malami, likita, ɗan sanda, tsohuwa a lif, duk wanda baka saba da shi ba. Zaka ji suna gutsure ta su ce "zdrastye", bar musu kayansu tukuna sai ka kwana biyu.

PriVYET ta abokai ce da sa'anni da yara. Ka ce wa farfesa privyet daidai yake da ka shiga gaban hakimi ka ce "ya ne".

Akwai na lokaci, DObraye Utra da safe har zuwa wajen sha biyu, DObri dyen da rana, DObri VYEcir daga wajen ƙarfe shida. Dobri dyen ita ce ta ofis da waya da wasiƙa, kuma ta fi zdrastvuitye sauƙi a baki, don haka ranar da harshe ya ƙi sai ka fake a nan. A watan Disamba a Mosko wajen ƙarfe huɗu rana ta faɗi, kar duhu ya ruɗe ka, agogo zaka duba. SpaKOInai NOci kuma ba gaisuwar haɗuwa ba ce, "sai da safe" ce ga mai shirin kwanciya.

Yanzu dokar da ta fi ba ni wahala: mutum ɗaya, gaisuwa ɗaya a yini. A makon farko a ɗakin kwanan ɗalibai akwai wata dattijuwa mai gadin ƙofa, tana zaune cikin wani ɗan akurki mai gilashi da butar shayi da littafin sa hannu. Na fita da safe na ce zdrastvuitye, na dawo ɗaukar takarda na sake, na fita na sake, da azahar na dawo na sake, a ta huɗun ta sauke tabarau ta dube ni ta ce "zdaROvalis uJE", wato ai mun riga mun gaisa. Raina ya ɓaci wallahi, na ɗauka wulaƙanci ne. Ashe a wurinsu idan ka maimaita kamar kana nuna ka manta kun haɗu ne, wato baka ma lura da ita ba da safen. Karo na biyu kai kawai ake ɗan gyaɗawa a wuce. Babu "barka da dawowa, barka da hutawa, sannu da aiki" ɗin nan namu na kowane minti goma.

Musabaha tsakanin maza ce galibi, hannu ɗaya, a matse sau ɗaya a saki, ba a riƙe hannun ana jero gaisuwa. Cire safar hannu kafin ka miƙa ko da sanyi na yankan kunne. Kuma ba a gaisawa ta kan dokin ƙofa, ko ka shiga ko shi ya fito, camfi ne da har 'yan boko ke kiyayewa. Mace sai in ita ta miƙo, in kuma kai baka musabaha da mata ka ɗora hannu a ƙirji ka ɗan sunkuyar da kai, ana ganewa, don Musulmi suna da yawa a ƙasar. A Kazan ko a babban masallacin Mosko ko shagon halal na 'yan Uzbekistan da Tajikistan sallamarka ta gida ta wadatar, assalamu alaikum, su amsa maka.

Mataki na uku: ti ko vi, da sunan uba

Ты (ti) na mutum ɗaya ne da kuka saba, namiji ko mace duk ɗaya, babu ka da ki. Вы (vi) jam'i ne kuma shi ne na girmamawa, daidai yadda muke ce wa dattijo "kun tashi lafiya" alhali shi kaɗai ne. Wasalin nasu ba i ɗinmu ba ne sak, harshe ake ja baya ya fito da kauri tsakanin i da u. Doka mai sauƙi, duk baligin da baka sani ba vi ne har sai shi ya ce "daVAI na ti", wato mu koma ti. Babba ke fara tayin, ba kai ba. Ɗalibai 'yan ajinku kuwa ti ne tun ranar farko.

Malami ba a ce masa malam ko farfesa, sunansa da sunan mahaifinsa ake haɗawa, namiji a ƙara ovic ko yevic, mace ovna ko yevna. Shi ya sa zaka ji 'yan jarida na ce wa Putin "Vladimir Vladimirovic", wato Vladimir ɗan Vladimir. Wanda sunan babansa Ibragim ya zama Ibragimovic, 'yarsa Ibragimovna. Mu da muka taso ana kwaɓe mu kan kiran babba da sunansa sai mu ji nauyi, amma a can girmamawar kenan. Ranar farko ka rubuta sunan kowane malami cikakke a bayan littafinka, don ka manta sunan uban malama abin kunya ne. Wanda baka san sunansa ba kawai ka ce izviNItye, a gafarce ni, ka faɗi buƙatarka.

Mataki na huɗu: wa ake ce wa kak dila

Wanda ka sani kawai. Mai shago, direban bas, ma'aikaciyar banki, mutumin da ka tsayar don tambayar hanya, duk ba a ce musu. Idan ka ce wa mai karɓar kuɗi a kanti kak dila zata ɗago ta dube ka da alamar "mun san juna ne?", ko ta ɗauka wani abu kake nema. Zdrastvuitye, ka biya, spasiba, ka wuce. Kuma fuskar da ba murmushi ba gaba ba ce, suna ma da karin magana cewa dariya ba dalili alamar wauta ce.

Abu na biyu, tambaya ce ta gaske. Mu idan aka ce ya harkoki ko gidan mutum ne ya ƙone jiya zai ce alhamdulillahi sannan daga baya a shiga zance. Su kuma kana iya tambaya a ba ka amsar ainihi. Wata tsohuwa maƙwabciyar gidan da na kama haya daga baya, na same ta a benci bakin ƙofa na ce kak u vas dila ina tafiya ban ko rage sauri ba, sai ta kama hannun rigata ta zaunar da ni, hawan jini, gwiwa, kuɗin fansho, jikan da baya kira, farashin magani, na fi minti ashirin a wurin ina gyaɗa kai ina gane kalma ɗaya cikin biyar, darasin safe ya wuce ni. Amma daga ranar duk ta soya wainar fulawarsu sai ta ƙwanƙwasa min ƙofa. To in baka da lokacin saurare kar ka tambaya.

Sigoginta: ga aboki kak diLA, ko kak u tiBYA diLA. Ga babba kak u vas diLA ko kak VAshi diLA, akwai kuma kak pajiVAyitye mai ɗan tsufa da ladabi, ta dace da iyayen aboki. Samari na cewa kak jizn, ya rayuwa, ko kak sam, ya kake, ko shto NOvava, meye labari. Kak diLISHki wasa ce, "ya 'yan harkoki", ga yaro ko aminin da kuke tsokanar juna. Malaminka da ke gaban aji ba kai zaka tambaye shi ba, shi zai iya tambayarka kak usPYEhi, ya ci gaba. Kuma guda ɗaya ake yi. Kar ka jero ya gida ya iyali ya sanyi ya gajiya, a kunnensu kamar ɗan sanda ne ke ɗaukar bayani.

Mataki na biyar: amsa

Nan ne daɗin yake, don kusan kowace amsa tana da 'yar uwa a Hausa. Wadda zaka fi ji ita ce narMALna, nomal ɗin nan dai da yaranmu ke faɗa, ba yabo ba fallasa. Sai haraSHO, lafiya lau. Sai niciVO, wadda asalinta "ba komai" ne amma a nan "ba laifi" take nufi, kuma a rubuce ничего ne da g, a baki v. PatiHONku ita na fi so, "muna lallaɓawa", ka faɗe ta ga tsoho ka ga yadda fuskarsa zata saki. Tak siBYE sama-sama kenan. Fsyo pa-STAramu, jiya i yau. Ni JAluyus, ba ƙorafi. PLOha, ba daɗi, wannan in aboki ya faɗa to ka tsaya ka ce shto sluCIlas, me ya faru, kar ka ce madalla ka wuce. AtLICna ita ce ƙololuwa, komai zam-zam. In kana son alhamdulillahinka ka ce SLAva BOgu, godiya ga Allah, kowa na faɗinta, tsakanin Musulmi kuma alhamdulillah ɗin ma ta wuce.

Atlicna da harasho ɗin nan zaka sake haɗuwa da su a takardar sakamako, makinsu daga biyar ne, 5 atlicna, 4 harasho, 3 kuma dai an sha da ƙyar.

Me yasa narmalna ta fi yawa ko da mutum yana cikin daɗi? A ganina tsoron kambun baka ne, suna da shi sosai kamar mu, mutum in ya yabi harkarsa zaka ga ya ce "tfu tfu tfu" ta kafaɗar hagu ko ya ƙwanƙwasa katako. Wanda kullum amsarsa atlicna kallon mai cika baki ake masa ko wanda bai san duniya ba.

Tsarin cikakkiyar amsa guda uku ne, godiya, amsa, mayarwa: spasiba, narmalna, a u tibya? Ga babba: spasiba, harasho, a u vas? Shi kenan, an gama.

Akwai amsoshin barkwanci da zaka ji, ka gane su amma kar ka yi gaggawar amfani da su. "Kak SAja biLA", fari tas kamar baƙin tukunya, wato abin ba daɗi. "DiLA u prakuROra, a u nas diLISHki", manyan harkoki suna wurin mai gabatar da ƙara mu 'yan ƙanana gare mu, wasa ne da ɗaya ma'anar kalmar ta shari'a.

Mataki na shida: dyela a tsakiyar zance

Idan gaisuwa ta zauna sai ka koma kan waɗannan, biyu a rana sun isa, ka yi amfani da su a ranar ko da da kanka kake magana a kicin.

U miNYA diLA, ina da abin yi. Wannan maganin duk wata gayyata ce da baka so, ba wanda zai ce wane abu ne. In abin ya yi yawa, u minya MNOga dyel. Ka lura ta zama dyel, haka kalmar take sauya wutsiya gwargwadon aikinta a jimla, dyela, dyelu, dyelam, dyelye, dyel, dilam, za a koya muku dalilin a shekarar share fage da suke kira padFAK, yanzu dai haddace jimlar ɗungurungum. Ya pa diLAM, na fita harkokina.

DYEla f tom, shto... "maganar ita ce". Da ita ake buɗe uzuri. Ka makara, ka rasa takarda, kana son a ɗaga maka jarrabawa, fara da izvinitye, dyela f tom shto, ko Rashancinka ya karye bayan nan an riga an san bayani zaka yi. Na SAmam DYElye, a gaskiya, a zahiri, zaka ji ta sau ɗari a yini. Nye v Etam dyela, ba wannan ce maganar ba. PYERvim DYElam, da farko dai.

F com DYEla, meye matsalar. Yi hankali da muryar da zaka faɗe ta, don tana iya fita kamar "lafiya?!" ɗin faɗa. Idan jami'i ya tsayar da kai ya ce VAshi dakuMYENti, ka fara miƙa fasfo da takardar rajista, sannan a hankali ka ce izvinitye, a f com dyela. Ga aboki da ka gani cikin damuwa shto slucilas ta fi taushi.

DruGOye DYEla, asalinta "wata harka daban", amma idan malama ta dawo maka da aiki ka gyara ka kawo ta ce "vot, drugoye dyela" to "yauwa, ko kai fa" take nufi. Nu i diLA, ikon Allah, tirƙashi. Vot taKIye diLA, to ka ji yadda ake ciki, da ita ake rufe labari mara daɗi. Dyela tvaYO, ya rage naka.

Sai masu kaifi. Nye tvaYO DYEla ita ce ba ruwanka, kaKOye tiBYE dyela kuma ina ruwanka. Ni da na fara jin ta sai na fassara a kaina "ba aikinka ba ne", na ɗauka kamar "kar ka wahalar da kanka" ce. Wani ɗan ajinmu ya ga ina kokawa da akwati a matattakala ya zo zai kama min, na yi murmushi na ce nye tvayo dyela. Yaron ya saki akwatin ya juya, sati biyu baya min magana sai da wani ya yi mana sulhu, ana ta dariya. Abin da ya kamata in ce shi ne spasiba, ni NAda, ya sam, na gode ba sai ka yi ba zan iya. Mace zata ce ya saMA.

Mataki na bakwai: ofis da kasuwa

A ofis kalmar ta koma fayil. Tsofaffin fayil ɗin kwali zaka ga an buga Дело № a bangonsu. LICnaye DYEla fayil ɗinka ne na ɗalibi da ke ofishin tsangaya, dikaNAT. UgaLOVnaye dyela shari'ar laifi ce, Allah ya raba ka da ita. Harafin ƙarshe, Д wato d, na МВД, ma'aikatar harkokin cikin gida wadda 'yan sanda da rajistar baƙi ke ƙarƙashinta, da na МИД ta harkokin waje, duk dyel ɗin nan ne.

Kana shiga ofis bayan zdrastvuitye abin da zaka ji shi ne "vi pa kaKOmu vaPROsu", wace magana ta kawo ku. Ka shirya amsarka jimla ɗaya tun daga waje. Mu a wurinmu rashin ladabi ne ka faɗi buƙata baka yi shimfiɗa ba, su kuma shimfiɗar ce cin lokaci, in ka ja da yawa zaka ji BLIje k DYElu, zo kan magana. Yabo ne a ce mutum yana magana pa DYElu, wato baya kewaye-kewaye. Saƙon waya ga malami ma haka, dobri dyen da sunansa da na mahaifinsa, buƙatarka, sai ka rufe da s uvaJEniyem, cikin girmamawa, da sunanka. Kar ka tura "privyet" kaɗai ka zauna jiran amsa kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. In ka ga aboki ya sa alamar baka ɗaya ko fiye a ƙarshen saƙo, kamar haka ))), murmushi ne, ba kuskuren rubutu ba.

Ga 'yan kasuwa, svaYO dyela sana'ar kai ce, atKRIT svayo dyela ka buɗe naka, kalmar biznes ma tana nan. DilaVAya FSTRYEca ganawar kasuwanci. S vami priYATna iMYET dyela, akwai daɗin hulɗa da ku, ka faɗe ta bayan ciniki ya faɗa. SKOLka STOit, nawa ne. A kanti ba a tayi, amma a manyan kasuwanni irin Sadovod ta Mosko ana ɗan ragi musamman in da yawa zaka ɗauka. Idan an daidaita sai a ce dagavaRIlis, mun shirya, ko pa ruKAM a tafa. Ita dagavarilis ɗin nan ba "in sha Allahu" ɗin da wasunmu ke faɗa don a rabu lafiya ba ce, ka ce ƙarfe uku to ƙarfe uku.

Mataki na takwas: 'yan karin magana na burge mutane

Waɗannan ba dole ba ne, gishiri ne. Dyela f SHLYApye, harka tana cikin hula, wato ta faɗi gasassa. Dyela PAHnit kiraSInam, abin na warin kananzir, ƙura na shirin tashi gara mutum ya san inda dare ya yi masa. Dyela truBA, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. PLYOvaye dyela, abu mai sauƙi kamar tofar da yawu. Dyela MAStira baITsa, aiki na tsoron gwani, mu mu ce aiki sai mai shi. ZDYElal dyela, guLYAI SMYEla, gama aikinka ka yi yawonka ba fargaba, lokacin jarrabawa zaka ji ta har ta ishe ka. Sai DYElu VRYEmya, paTYEhye cas, aiki da lokacinsa wasa da sa'arsa, wadda ake dangantawa da sarkin Rasha Aleksei Mihailovic mahaifin Bitrus Mai Girma, ya rubuta ta a 1656 cikin littafin dokokin farauta da shaho, abin da shi kansa ya fi so a duniya. Guda ɗaya ka jefa a inda ta dace ta fi ka zazzage su duka a zama ɗaya.

Mataki na ƙarshe: yadda ake tashi

Da sviDAnya ga manya da baƙi, sai mun sake haɗuwa. PaKA ga abokai. Da ZAFtra, sai gobe. Fsivo DObrava, fatan alheri, ta ofis ce da waya. UDAci, Allah ya ba da sa'a, ga mai shiga jarrabawa. Idan hira ta yi tsawo kana son miƙewa ba sai ka ƙirƙiro ƙarya ba, tafa gwiwa ka ce nu LADna, mnye paRA, diLA, to shi kenan lokaci ya yi akwai abin yi. Shi kuma zai ce daVAI, kalmar da asalinta "bayar" ne amma a nan kamar "to a je" ce, kai ma ka ce davai, paka. A waya zaka ji sun ninka ta, davai davai, kafin ka ce a gaida gida an kashe.